Littattafan yaran da suka maƙale a daji: wanne za ki saya?

Yaya, tun ranar da kika kira ni kina cewa babban naki ya kalli wani bidiyo na mutumin da ke kunna wuta a daji babu ashana, yanzu ya hana ki sakat sai kin sayo masa littafi mai irin wannan labarin, ita ma ƙanwar ta ce atafau ba za a bar ta a baya ba, nake ta cewa zan zauna in rubuto miki, sai yau Allah ya yi. Kin ce kuɗin littafi biyu kika ware ba ƙari, kuma kin leƙa intanet kin ga sunaye rututu kanki ya ɗaure. Toh ga guda bakwai da na sani sosai, wasu tun ina sakandare na karanta su, wasu da girmana lokacin da nake karanta wa nawa yaran da daddare.

Abin da za ki fara riƙewa shi ne, kusan duk mai tallar irin waɗannan littattafan zai ce miki suna koyar da jarumtaka da haɗin kai, kamar dai abu ɗaya ne. Ba haka ba ne. Waɗanda suka fi suna kuma suka fi daɗin karatu, labarin yaro ɗaya ne tilo, shi kaɗai da halinsa, babu wanda zai haɗa kai da shi sai tsuntsu ko kare. Waɗanda kuma suke da taron yara, ko dai tsofaffi ne masu wahalar Turanci da wasu ra'ayoyi na zamanin mulkin mallaka, ko kuma suna da nauyin da ba na ɗan firamare ba. Don haka kafin ki biya kuɗi sai kin san wanne kike nema wa wanne yaro.

Abubuwan da na duba

Na farko sauƙin harshe, wato yaro zai iya karantawa shi kaɗai ko sai an zauna da shi da ƙamus. Na biyu kuɗi da inda ake samu. Ba zan sa miki farashi da naira ba tunda kin san halin dala, abin da aka faɗa yau gobe ya tashi, amma zan nuna miki wanda yake kyauta, wanda ake tsinta a gwanjo, da wanda sai dai sabo. Na uku ƙarko, kuma ƙarko iri biyu ne, na takarda da na labari, don akwai littafin da yaro zai karanta sau ɗaya ya wurgar, akwai wanda zai koma masa sau uku har ƙanensa ya gada. Na huɗu haɗari, ina nufin abin da ke ciki wanda uwa za ta so ta sani kafin ta miƙa, mutuwa ne, zancen aure ne, addini ne, ko abin da zai sa yaro ya je ya gwada a bayan gida. Na biyar kuma shi ne ainihin maganar, wace irin jarumtaka ce a ciki, kuma akwai aiki tare da wasu ko babu.

Hatchet

Gary Paulsen ne ya rubuta, ya fito a 1987. In kin tambayi mutum goma masu karanta irin wannan, da yawa da shi za su fara. Brian ɗan shekara 13 ne, iyayensa sun rabu, ya hau ƙaramin jirgin sama zai je wajen babansa a arewacin Kanada, su biyu ne kacal shi da matuƙi, sai ciwon zuciya ya kama matuƙin ya mutu a sama, jirgi ya faɗa cikin wani tafki a tsakiyar daji. Ba shi da komai sai kayan jikinsa da ƙaramin gatarin da mamansa ta ba shi kyauta ya rataya a ƙugu. Kwana 54 ya yi.

Abin da ya sa nake son littafin nan shi ne yaron ba gwani ba ne, ɗan birni ne da bai san komai ba, kuma duk abin da ya koya da wahala ya koya. Ya ci 'ya'yan itacen da suka murɗa masa ciki, sauro ya yi masa kaca-kaca, beguwa ta shigo masa makwanci cikin dare ta zuba masa ƙayoyi a ƙafa. Kuma a daren nan ne da ya jefa mata gatari ya kuskure ya daki dutse ya ga tartsatsi, daga nan tunanin wuta ya zo masa, ba wai nan take ta kama ba, sai da ya yi ta fama yana gwada ɓawon itace yana hurawa. Akwai wurin da ya zauna ya yi kuka har ya gaji, sannan ya gane cewa tausayin kai bai ƙara masa ko loma ɗaya ba. Wannan wurin kaɗai ya isa kuɗin littafin a wajena, musamman ga yaron da abu kaɗan zai sa ya zauna yana ƙunƙuni.

Turancinsa mai sauƙi ne, jimloli gajeru, marubucin yana maimaita kalma da gangan, ɗan aji ɗaya na ƙaramar sakandare zai iya. Bai kai shafi 200 ba a yawancin bugu. Ana yawan samunsa a gwanjo saboda makarantun Amurka suna karantar da shi sosai. Ƙarkon labari kuwa ba a magana, kuma in yaro ya kamu akwai ci gaba har guda huɗu, The River da Brian's Winter da Brian's Return da Brian's Hunt, sai ki shirya aljihunki.

Amma ga abin da ba a faɗa wa iyaye. Akwai wani sirri da ke cin yaron a rai tun farkon littafi har ƙarshe, ya ga mamansa da wani namiji a mota tun kafin auren ya mutu, kuma ana dawowa kan zancen lokaci-lokaci. Ba a yi batsa ba amma yaro zai tambaye ki. Sannan akwai inda wani jirgi ya wuce bai gan shi ba, ya yanke ƙauna har ya yi yunƙurin kashe kansa, an faɗe shi a taƙaice kuma daga baya ya yi nadama ya miƙe, amma yana nan. Can ƙarshe da ya nutsa cikin jirgin neman jakar agaji ya ga abin da kifi suka bari na gawar matuƙi. Haɗin kai kuwa sifili, ba kowa a dajin sai shi.

My Side of the Mountain

Na Jean Craighead George ne, 1959. Wannan ya bambanta da na sama ta wuri ɗaya babba, shi Sam ba hatsari ne ya kai shi daji ba, da ƙafarsa ya tafi. Gidansu a birnin New York ya cika da yara, sai ya tattara 'yar wuƙa da igiya da gatari da ƙyastu da dala 40 ya nufi duwatsun Catskill neman tsohuwar gonar kakan-kakansa. Ya ƙwaƙule cikin wata ƙatuwar bishiya ya mai da ita ɗaki, ya hau dutse ya ɗauko ɗan shaho daga sheƙa ya raine shi ya koya masa farauta, ya ɗinka kaya da fatar barewa, ya yi sanyin hunturu a can.

Shi ne mafi laushi a cikinsu duka. Babu mutuwar mutum, babu tashin hankali, kuma akwai zane-zane na yadda ake ƙugiya da tarko da ganyayen da ake ci, ita marubuciyar ce ta zana. Wani abu da ya burge ni, yaron yana saukowa gari ya shiga laburare ya karanta abin da bai sani ba, kuma daren farko kasa kunna wuta ya yi sai da wani tsoho ya koya masa. Kenan littafin yana nuna cewa neman sani wajen na gaba ba gazawa ba ne. Turancin ba wuya sai dai sunayen bishiyoyi da tsirran can da mu ba mu da su, yaro zai riƙa tsallakewa. Kuɗinsa da samunsa kusan kamar Hatchet.

Haɗarinsa ɗaya ne amma ki kula da shi: littafi ne da ya sa gudu daga gida ya zama abin sha'awa, kuma iyayen ba su tayar da hankali ba, uban ma har ziyara ya kai masa. Yaron da yake cikin fushi da gida ba wannan zan ba shi ba. Kuma kin san dajinmu na yanzu ba wurin da yaro zai je neman kaɗaici ba ne, wannan sai kin faɗa masa da bakinki.

Island of the Blue Dolphins

Wannan nake hango wa 'yar taki. Scott O'Dell, 1960, ya ci lambar Newbery a 1961, wadda ita ce babbar lambar littattafan yara a Amurka. Karana yarinya ce 'yar shekara 12 a wani tsibiri da ke gefen Kalifoniya. Mafarautan dabbobin ruwa suka zo, rigima ta tashi kan biyan kuɗi, aka kashe babanta wanda shi ne sarkin garin da maza da yawa. Daga baya jirgi ya zo kwashe sauran mutanen, jirgi ya tashi sai ta hango ƙanenta Ramo an bar shi a gaɓa, ta yi tsalle ta faɗa teku ta koma wajensa. Ba a daɗe ba karnukan daji suka kashe yaron, ta rage ita kaɗai.

An gina shi ne kan labarin gaske na wata mata da ta zauna ita kaɗai a tsibirin San Nicolas shekara 18, daga 1835 zuwa 1853, kuma da aka kawo ta Santa Barbara ba a samu mai jin yarenta sosai ba, ta rasu bayan mako bakwai. Wannan ƙarshen ba ya cikin littafin, amma in yarinya ta bincika za ta gani.

Jarumtakar da ke nan ta haƙuri ce da juriya, ba ta kwana hamsin ba, ta shekaru. A al'adarsu an hana mace ƙera makami, sai da ta yi ta kokawa da tsoron wannan kafin ta yi mashi da baka. Ta yi shinge da haƙarƙarin ƙatuwar dabbar tekun nan da ake kira whale. Sannan shugaban karnukan da suka kashe ƙanenta, ta harbe shi, ta zo ƙarasa shi ta kasa, ta yi jinyarsa ya zama abokin zamanta. Akwai yafiya a ciki wadda ban gani a sauran ba. Turancin a natse yake, ba wuya, amma labarin yana tafiya a hankali, yaron da ya saba da katun mai gudu zai iya cewa ya gaji a tsakiya. Haɗari: mutuwar uba da ƙane tun farko-farko, mai raunin zuciya za ta yi kuka, nawa sun yi. Sai zaman kare a ɗaki ɗaya da mutum, wanda mu ba tarbiyyarmu ba ce, sai ki yi bayani.

Deux ans de vacances

Yanzu mun zo inda ake samun haɗin kai na gaske. Jules Verne ne ya rubuta da Faransanci a 1888, a Turanci ana kiransa Two Years' Vacation, wasu bugun kuma Adrift in the Pacific. Yara 15 ne 'yan shekara 8 zuwa 14, yawancinsu ɗaliban makarantar kwana a Auckland ta ƙasar Niuzilan, suna kwance cikin jirgin ruwa da daddare ana shirin tafiyar hutu, ma'aikatan jirgin sun sauka gari, sai igiya ta kwance teku ta ja su, guguwa ta jefa su wani tsibiri.

A nan ne za ki ga yara sun zauna sun zaɓi shugaba da ƙuri'a, sun raba aiki, sun gyara kogo sun mai da shi gida, har jadawalin karatu suka yi manya suna koya wa ƙanana. Kuma ba a ɓoye cewa zama tare da wuya ba. Akwai Gordon ɗan Amurka mai lissafi da tsari, akwai Briant Bafaranshe mai kula da ƙanana, akwai Doniphan ɗan Ingila mai girman kai wanda bai iya zama ƙarƙashin kowa, har ya ja mutum uku suka ɓalle. Yadda suka dawo suka shirya, Briant ya cece shi daga bakin dabba shi kuma daga baya ya tare wa Briant wuƙa da jikinsa, shi ne zuciyar littafin. Akwai kuma ƙanen Briant da yake ɗauke da laifi a ransa, don shi ne ya kwance igiyar da wasa, yana ta neman aiki mai haɗari don ya fanshi kansa har ranar da ya faɗi gaskiya. Gidan da ake da yara maza masu yawan faɗa kan waye babba, wallahi wannan labarinsu ne.

Kuɗi: na Faransancin kyauta ne a intanet tunda haƙƙin mallakarsa ya daɗe da ƙarewa, ki sauke a waya ko ki kai a buga miki. Ga 'yan uwanmu na Maradi da Zinder da Yamai da yaransu ke karatu da Faransanci, wannan garaɓasa ce, asalin rubutun za su karanta. Na Turancin fa sai an lura, fassarorin da yawa an datse su, kuma ba kasafai ake tsintarsa a gwanjo ba. Tsawo gare shi, kuma Verne mutum ne mai son lissafa sunan kowane tsuntsu da kowace bishiya, ɗan shekara 10 shi kaɗai zai ajiye.

Haɗarin da ya fi damuna a ciki shi ne Moko. Yaro ne baƙar fata mai aiki a jirgin, shi ya fi su sanin ruwa, shi ke dafa musu abinci, amma da aka zo zaɓe marubucin ya faɗa ƙarara cewa ba shi da ƙuri'a saboda shi baƙar fata ne. Ni ban ɓoye wa nawa wannan shafin ba, tsayawa muka yi na tambaye su, a ganinku wa ya fi cancanta ya yi zaɓe a cikinsu? Amma ba littafin da zan miƙa wa yaron Afirka in juya baya ba ne. Ƙarshensa kuma akwai faɗa da 'yan fashin teku, da bindiga da kisa.

The Swiss Family Robinson

Ba zan daɗe a kansa ba. Johann David Wyss, wani limamin coci ɗan Siwizalan, shi ya rubuta, littafin ya fito da Jamusanci a 1812. Uba da uwa da 'ya'ya maza huɗu jirginsu ya fashe, suka kwashe kayan aiki da dabbobi daga jirgin suka gina gida a kan bishiya. Haɗin kai na iyali ne, da biyayya ga uba, kuma kyauta ne a Project Gutenberg, shafin intanet na tsofaffin littattafai. Amma gaskiya ba wahala a ciki, duk abin da suke so tsibirin ya tanada, uban kuma ya san komai kamar ƙamus, ga dabbobin da ba sa zama nahiya ɗaya an tara su wuri guda, jimina da zaki da dabbar Ostireliya mai aljihu. Akwai wa'azin Kirista da yawa da harbin dabbobi ba gaira ba dalili. In za ki saya, ki nemi gajeren bugu mai hotuna na 'yan firamare, cikakken Turancinsa tsoho ne.

A Long Walk to Water

Wannan ba a cika sa shi a jerin littattafan daji ba amma ni na sa shi, don shi ne ya fi kusa da mu. Linda Sue Park, 2010, kuma rabin labarin na mutum ne mai rai, Salva Dut. Yana ɗan shekara 11 a kudancin Sudan a 1985 yana aji aka fara harbi, malam ya ce su gudu daji kada su koma gida. Daga nan tafiya ce a ƙafa, yunwa, zaki ya ɗauke abokinsa cikin dare, hamada, har sansanin gudun hijira a Habasha. A 1991 aka kore su, suka faɗa kogin Gilo ga kada ga harsashi. Bayan nan shi da kansa ya jagoranci yara wajen 1,500 zuwa Kenya, tafiyar shekara ɗaya da rabi, sama da 1,200 suka isa, kowa da aikinsa, wasu neman abinci wasu itace wasu gadi, in ƙanana sun gaji manya su goya su. Ɗaya rabin labarin na wata yarinya ce Nya a 2008 wadda kullum aikinta zuwa ɗebo ruwa, sawu biyu, wuni guda. Duk yaron da ya taɓa bin layin rijiya ko tura kura zai gane ta.

Akwai wurin da Salva ya kasa tafiya a hamada, kawunsa ya nuna masa wani ɗan kurmi ya ce iya can kawai za ka kai, da suka kai ya nuna masa wani dutse, haka haka har dare. Na fi son wannan a kan duk dabarun kunna wuta na sauran littattafan.

Shi ne mafi gajarta, shafi ɗari da 'yan kai, Turanci mai sauƙi ƙwarai. Sai dai da yake bai tsufa ba, sau da yawa sabo za ki saya. Haɗari: yaƙi ne, an kashe kawun a gabansa. Yaron da iyalinsa suka taɓa gudun hijira ko harin 'yan bindiga, zai iya zama magani zai iya zama fami, ke kika san ɗanki.

Lord of the Flies

Na sa shi ne don kada mai shago ya miƙo miki shi. William Golding, 1954, yara 'yan makaranta na Ingila a tsibiri bayan hatsarin jirgin sama, daga bangon za ki zaci irin na Verne ne. Akasin haka ne. Sun fara da zaɓe da doka, suka ƙare da farautar junansu, an kashe biyu daga cikinsu, Simon da Piggy, ga kan alade a soke a sanda ƙudaje na bi. Babban littafi ne, marubucin ya ci lambar Nobel a 1983, kuma ya taɓa shiga jerin littattafan adabi na WAEC shi ya sa yake ko'ina da araha. Amma na ɗan babbar sakandare ne, Turancin ma da nauyi.

In babban ya kai lokacin karanta shi, ki haɗa masa da labarin gaske na yara shida 'yan Tonga da suka gudu daga makarantar kwana a 1965 cikin kwalekwalen kamun kifi, suka maƙale a tsibirin Ata wata 15 har wani matuƙi ɗan Ostireliya, Peter Warner, ya tsince su a 1966. Su ba su kashe juna ba. Sun raba aiki bibbiyu, sun riƙe wuta ba ta mutu ba, in biyu sun yi faɗa sai a raba su kowa ya je ya huce, ɗaya ya karye a ƙafa suka ɗaure masa ya warke. Haka yaran nan huɗu 'yan gida ɗaya a Kolombiya a 2023, da suka yi kwana 40 a dajin Amazon bayan faɗuwar jirgi, babbarsu shekara 13, ƙaramarsu jaririya, da garin rogo da 'ya'yan itace suka rayu.

A taƙaice cikin jadawali

| Littafi | Shekaru | Harshe | Kuɗi | Haɗin kai | Abin lura |
|---|---|---|---|---|---|
| Hatchet | 11 zuwa sama | mai sauƙi | gwanjo ko sabo | babu | rabuwar aure, yanke ƙauna |
| My Side of the Mountain | 9 zuwa sama | mai sauƙi | gwanjo ko sabo | kaɗan | gudu daga gida |
| Island of the Blue Dolphins | 10 zuwa sama | matsakaici | gwanjo ko sabo | kaɗan | mutuwar uba da ƙane |
| Deux ans de vacances | 12 zuwa sama | mai nauyi | kyauta a intanet | sosai | wariyar launi, faɗa |
| Swiss Family Robinson | 8 in gajeren bugu ne | ya danganta da bugu | kyauta ko araha | na iyali | wa'azi, harbin dabbobi |
| A Long Walk to Water | 10 zuwa sama | mai sauƙi ƙwarai | yawanci sabo | sosai | yaƙi, kisa |
| Lord of the Flies | 15 zuwa sama | mai nauyi | araha | rushewarsa | kisa tsakanin yara |

Shekarun nan ra'ayina ne, ba doka ba.

Maganar ƙarkon takarda kuma duk kusan ɗaya ne, don yawanci mai laushin bango za ki samu. Abin da na lura, tsohon na gwanjo na asali ya fi sabon na jabu daɗewa nesa ba kusa ba. Na taɓa sayen wani a bakin titi yana ƙyalli cikin leda, kafin sati biyu gam ya saki shafuka suna zubewa, ga wasu shafukan ma an buga su a juye. Ki buɗe tsakiya ki ɗan ja, ki duba ko rubutun ya yi dishi-dishi kamar hoton kwafi. In kin kawo gida ki sa masa bango da takardar kalanda da salatif kamar yadda Inna take mana.

Wanne ga wa

Yaron da ba ya son karatu kwata-kwata kuma kina so ya kamu: Hatchet, babi uku na farko sun isa. Yaro mai son tsuntsaye da ƙere-ƙere, ko wanda ke saurin tsorata da dare: My Side of the Mountain. Yarinyar da kike so ta ga mace a tsakiyar labari ba a gefe ba: Island of the Blue Dolphins. In babu kuɗi sam amma akwai waya da lokacin zama tare, ko yaran na Faransanci ne: na Verne, ke kina karantawa suna ji, kuma ki tsaya a kan Moko. 'Yan ƙanana masu son hoto: gajeren Swiss Family. Malamin da ke son littafi ɗaya da aji guda za su tattauna kan shugabanci da taimakon juna: A Long Walk to Water. Lord of the Flies a jira.

Ku kuma da kuɗin biyu, ni da zan zaɓa miki, Hatchet ga babban, tunda wuta yake son gani kuma shekarunsa sun kai ki yi masa bayanin abin da na faɗa, sai A Long Walk to Water a matsayin na kowa, ita ƙanwar ta fara da shi tunda gajere ne kuma akwai Nya, in sun gama su yi musaya. Island ɗin kada ki saya, nawa yana nan, bangon ya ɗan yage amma shafukan sun cika, zan ba direban da ke zuwa ranar Juma'a ya kawo mata. Kuma dan Allah kafin ki ba shi Hatchet ki ɗauke ƙaramin gatarin nan na bayan kicin ki kulle, nawa da ya kai babin beguwa sai da ya fasa min dutsen niƙa yana neman tartsatsi.